Ƙusar da Orest Ya Kafa

"Mama, tsaya mana! Mene ne wannan a bayan wuyanki?"

"Cika ni, Darka. Zif na ce ki ja mini, ban ce ki yi mini bincike ba."

"Takardar kanti ce! Riga tana jikinki, takardar kuɗinta tana lilo a ciki? Ina almakashi?"

"Kika taɓa takardar nan, ni da ke ne a gidan nan. In an yanke ba sa karɓa."

"Su karɓi me? Au, mayarwa za ki yi?"

"Bayan biki. Ai ba ɓata ta zan yi ba, ga tsumman girki zan ɗaura a gaba."

Ta sake ni, ta dafe kai da hannu biyu kamar wadda aka yi wa sata. "Rigar sanyi kin mayar. Tukunyar shayi kin mayar. Katifar da na raka ki muka zaɓa, masu kawowa ba su gama juya mota ba kika kira su. Mama, me ya same ki ne? Talauci ne? Faɗa mini in talauci ne!"

To, 'yan uwana masu bin labarin nan, kun dai ji da kunnenku yadda 'yar da na haifa take yi mini tsawa a kicin ɗina, a jajibirin Kirsimeti, albasa tana kan wuta. Wanda yau ne ya fara leƙo mu, ni ce Lesya, matar marigayi Orest, tsohuwar da ta san wace ce ke rina gashi da wace ce ta sa haƙoran roba a duk cocinmu. Boko ban yi nisa ba, amma kunnena ya yi digiri. Ranar Laraba in mun taru a ƙasan coci muna naɗe firogi, hannuna yana cusa dankali a kwaɓin fulawa, kunnena yana zagaya teburi. Babu auren da ya mutu a garin nan ban riga lauya sani ba.

Kuma ba talauci ba ne. Bari in faɗa muku tun yanzu, kada wata ta fara tara mini taimako. Yarinyar banki mai dogayen farata ta juyo mini da fuskar kwamfutarta, ta ce, "Kaka, ko kin kai shekara ɗari kina cin nama safe da yamma, ba za ki ga ƙarshen abin da kuka tara ba. Ki ɗan ji daɗi mana." Na yi mata godiya, na fito, na taka da ƙafa har gida a cikin ƙanƙara don kada in biya tasi.

Rigar kuwa, ku bari kawai. Karammiski ce, ja wur, mai dogon hannu, da ƙananan maɓallai farare tun daga wuya har ƙirji. Na daɗe ina wucewa ta gaban kantin ina gaishe ta ta gilashi. Ranar da na shiga na saye ta, ina miƙa kati na ji shi a bayana.

"Ehem."

Na waiga. Babu kowa sai wata mata tana gwada hula.

Haka Orest yake yi. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa cewa kar in saya ba. Gyaran murya kawai, sai ka ga hannuna ya mayar da bota kan kanta ya ɗauko na roba mai arha. Duk rayuwarmu magana ɗaya ce a bakinsa: "Bayan ritaya, Lesya." Sabon labule? Bayan ritaya. Mu je mu ga teku ko sau ɗaya? Bayan ritaya. Shi yana rumbun hatsi yana shaƙar ƙura, ni ina wankin zannuwan asibiti, muna tarawa. Kujerun falo har yau suna cikin ledarsu. Ledar burodi wanke ta nake in shanya a kan famfo. Ganyen shayi ɗaya, kofi biyu.

Ga kuma ƙusar. A bangon da ke tsakanin kicin da falo akwai makunnin ɗumin gida, irin na da, mai ɗan hannu da ake turawa dama in ana son injin da ke ɗakin ƙasa ya ƙara wuta. Tun Darka tana goye Orest ya kafa ƙusa a jikin bangon, daidai inda ya ga ɗumi ya isa. Hannun yana zuwa nan ya tsaya. In ka ce kana jin sanyi, ya nuna maka inda suwaita take.

Ya yi ritaya da bazara, suka ba shi agogo. Kafin ƙanƙarar farko ta sauka na same shi kwance ya cika a lambunmu tsakanin kunyoyin dankali, cikin tsohuwar kwat ɗin da na yi wa faci har na rasa asalin yadinta. Tekun bai gani ba. Agogon yana cikin kwalinsa.

Ku gaya mini, kuɗin nan mene ne in ba sanyin da mutumin nan ya sha ba? Ni kuma in zauna in ci shi da jar riga?

Wayata ta yi ƙara a kan firij. Darka ta riga ni ɗauka, don ba ta da kunya.

"Saurayinki ne," ta ce, ta karanta da ƙarfi. "'Na taho. Riga uku na sa, da wandon ciki na ulu. In kin ga wani ƙato a ƙofa kar ki kira 'yan sanda, ni ne.'" Ta kalle ni. "Kin ji ko? Mutum zai zo neman aure kamar mai tafiya farauta."

"Ba ni wayata."

Wani saƙon ya shigo tana miƙo mini. Halya ce, aminiyata, wadda bakinta ya fi nawa kaifi: "Amarya! An ce an gan ki kin fito daga kanti da jar riga. Ja fa! Su Orest ana can ana juyi a kabari. A ci lafiya, a ajiye mini labari."

Wasa take yi, na sani. Amma na kife wayar ban ba ta amsa ba.

Einar sunan mutumin. Tare suka yi aiki da Orest a rumbun hatsi. Da matarsa ta rasu, zawarawan garin nan suka yi masa layi da kwanukan abinci, kowace ta manna sunanta a gindin kwano don dole ya mayar da kansa. Ni a robar bota na aika masa da firogi, ba suna ba komai. Ashe ya gane. Ya ce duk garin mace ɗaya ce za ta wanke robar bota har rubutun jikinta ya goge. Ya dawo mini da ita cike da busasshen kifi, ya zauna shan shayi, daga nan kuma ya ƙi daina zuwa.

Sai dai ƙurar hatsi ta cinye masa huhu. Likita ya ce sanyi ne zai ƙarasa shi. Ɗansa ya kama masa ɗaki a can kudu, Arizona, inda tsofaffinmu ke gudu su shanya ƙashi, an ce bayan sabuwar shekara zai tafi. Ya riƙe hannuna a bakin coci ya ce, "Lesya, in kin ce in zauna, na zauna. Mu ɗaura aure, in dawo gidanki. Ni ban damu da ledar kujera ba. Amma huhuna ba zai kwana a gidan nan ba sai da ɗumi. Ki ba ni amsa ranar jajibiri."

Yau ke nan. Shi ya sa na sayi rigar. Shi ya sa kuma ban yanke takardar ba.

Muka shirya teburi ni da Darka. Abinci kala goma sha biyu, babu nama, kamar yadda uwata take yi. Kutya a tsakiya, dafaffiyar alkama da zuma. Miyar borsh, firogi, kabeji naɗaɗɗe, kifi. Kyandir a taga. Na jera faranti huɗu: nawa, na Darka, na baƙo, sai na Orest a gurbinsa, da cokalinsa, da kujerarsa. Daren nan matattu suna dawowa gida cin abinci, kowa ya san wannan, ba a barin su tsaye. Kujerarsa tana inda take tun fil azal, a kan ramin da iskar ɗumi ke fitowa daga ƙasa. Wuri mafi daɗi a gidan. Ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Tauraron farko yana fitowa aka buga ƙofa. Tun kafin in buɗe na ji tarin.

Ya shigo da furanni a hannu, a tsakiyar hunturu, Allah kaɗai ya san nawa ya zubar. Ƙanƙara a girarsa. Ya tsaya yana kallona daga sama har ƙasa, na cire tsumman girkin ban san na cire ba.

"Kai!" ya ce. "Darka, ina kika kai tsohuwar gidan nan? Wannan yarinyar fa daga ina?"

"Rufe mana ƙofa, tsohon banza, kana fitar mana da ɗumi."

"Wane ɗumin? Ai na ɗauka waje nake shigo muku da shi."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na manta rabon da in yi dariya a zauren nan. Na ce ya kawo kwat ɗinsa in rataye, ya ce a'a, bari dai tukuna.

Na juya in sa furannin a ruwa. Abin da bai fi ƙiftawar ido ba. Ina waigowa na ga mutumin nan ya bi ɗumi da ƙafarsa kamar kyanwa, ya ja kujerar Orest, ya zauna daram. Ko hurawa bai yi ba. Mu a daren nan ko kujerarka ce sai ka ɗan hura mata iska kafin ka zauna, kada ka danne wani. Shi kuwa har da gyara zama, har da ɗaukar cokalin yana juyawa.

Kwalbar furannin ta suɓuce mini a cikin sinki.

"Tashi!" Ban san muryata tana da wannan ƙarfin ba. "Tashi daga kansa!"

Ya miƙe a firgice yana duba ƙarƙashinsa. Darka ta yi maza ta kama hannunsa. "Kujerar Baba ce, Kawu Einar. Al'adarmu ce, ana ajiye wa wanda ya rasu wuri. Ba komai, ai ba ka sani ba."

Kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi ja. Su mutanensa ba sa yin haka. Ya cire hula, ya ɗan rusuna wa kujerar. "Yi haƙuri, Orest. Ban gan ka ba. Ka rame."

Darka ta ƙunshe dariya. Ni ban yi ba. Na mayar da cokalin daidai inda yake, na nuna masa tasa kujerar, can jikin taga inda iska ke shigowa ta gefen tsumman da na cusa.

Muka yi addu'a, muka ɗebi kutya. Einar ya takure a cikin kwat ɗinsa, iskar taga tana dukan bayansa. Ya kai loma ɗaya, tari ya sarƙe shi. Irin tarin nan mai fitowa daga can ƙasa, har ya dafa teburi, idonsa ya kawo ruwa. Yana yi yana ɗaga mana hannu wai ba komai.

Darka ta ajiye cokali. Ta tashi, ta ja durowar da Orest ke tara tsofaffin ƙusoshi da zare, ta ɗauko filaya.

"Darka."

Ba ta ko waigo ba.

"Darka, ubanki yana zaune!"

"To ya gani da idonsa."

Ƙusar ta yi wata 'yar ƙara kamar an taka ɓera, ta fito. Darka ta tura hannun makunnin har ƙarshe, ta dawo ta ajiye ƙusar a gefen farantina, ta zauna.

Sai daga ƙarƙashin ƙafafunmu, daga can ɗakin ƙasa, injin ya ja numfashi.

"Ehem."

Ku ce inji ne. Darka ma haka ta ce. Amma ni na kwana kusa da wannan maƙogwaron tun ina budurwa. Iska ta taso daga ramin da ke ƙarƙashin kujerarsa, gefen mayafin teburi ya motsa a daidai gurbinsa, kamar mutum ya gyara gwiwa. Harshen kyandir ya kwanta ya nuno ni.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa, daɗin da na ji. Ɗumin ya lallaɓo ya kama idon sawuna, ya hau ƙwaurina, ƙasusuwana suka saki. Ashe haka gida yake? Ashe tun da can ɗan turi ɗaya ne tsakanina da wannan? Hawaye suka zubo mini a kan karammiskin mutane.

"Ku kashe," na ce. "Mutumin nan bai taɓa jin ɗumi a rayuwarsa ba. Bai taɓa kashe ko sisi a kan cikinsa ba. Da facin kwat ya mutu. Ni ce zan zauna a gabansa ina ƙona guminsa, da jar riga, da wani namiji a teburinsa?"

Einar ya goge baki. Tarin ya lafa, har ya ɓalle maɓallin kwat ɗinsa na sama. Ya juya ya kalli kujerar Orest.

"Lesya, zan faɗi wani abu. A gabansa zan faɗa, don kar a ce na ci namansa. Kin san ɗan gidan shayin nan na kusa da tashar jirgi?"

"Na masu zubar da kuɗi. Me ya faru da shi?"

"Kullum in mun tashi aiki, nan muke biyawa ni da Orest. Teburinsa yana jikin hita, ba mai zama masa. Kofi da madara, da kek mai tuffa, wani lokacin yanka biyu. Har ya bar wa yarinyar da ke kawowa ɗan canji. Sai ya gasa bayansa sosai, sa'an nan ya ce bari ya je gida."

Na ji kamar an ɗauke ƙasan kujerata.

"Ƙarya kake."

"Ba don in ɓata shi na faɗa ba. Mutumin kirki ne, ya so ku. Amma ya ji ɗumi, Lesya. Ya ci daɗinsa daidai gwargwado. Ke ma ki ci naki."

"Na ce ƙarya kake! Ƙarin aiki yake tsayawa yi. Ni zan gaya maka mijina?"

"Mama." Darka ba ta ɗago ba, tana wasa da alkamar farantinta. "Gaskiya ne. Ni ma ya sha saya mini kek ɗin in na biyo daga makaranta. Ya ce kar in faɗa miki, za ki ce ɓarna ce."

"Ni? Ni ce zan ce ɓarna ce?"

"Kowa ya sani, Mama. Har Anti Halya."

Har Halya. Ni Lesya, da na san abin da ke cikin tukunyar kowa a garin nan. Ashe duk Larabar da nake kwance wa matan mutane zani a ƙasan coci, su ma suna riƙe da nawa, suna kallon yatsuna da sanyi ya fasa, suna naɗe firogi, suna yin shiru.

Na kalli kujerar. A kan ramin ɗumi. Na kalli farantin da na cika masa da hannuna.

Kuna tsammanin sauƙi na ji, ko? Haka Einar ya zata, har ya miƙo hannu zai kama nawa. To ba sauƙi ba ne. In maganarsu gaskiya ce, ni kaɗai na sha sanyin nan ke nan. Ni kaɗai na yi wanka da ruwa rabin baho, ni kaɗai na kwana da safa biyu ina cewa muna yi ne tare. In na bar ɗumin nan yana hurawa, na yarda ke nan. Ni kuwa a daren nan, a gaban farantinsa, ban iya yarda ba.

Na ɗauki ƙusar. Na tashi.

"Mama, don Allah."

Na mayar da hannun makunnin inda yake. Injin ya yi tsit. Na laluba ramin ƙusar, ya yi faɗi, na cire takalmina na dama na shiga bugawa da dunduniya. Ina bugu ina kuka, fenti yana zuba. Garin ɗaga hannu ne na ji abu ya zame daga wuyan rigar ya faɗo a bayana, yana lilo a jikin zarensa.

Na ji an ja kujera. Na ji takun Einar har ya tsaya a bayana. Ya kama takardar da yatsa biyu, a hankali, kamar mai duba ciwo.

"Ba ki yanke ba," ya ce.

Na kasa juyowa.

"Na ga rigar nan na ce a raina, yau Lesya ta ba ni amsa tun kafin in tambaya. Ashe aro kika yi." Ya saki takardar. "Ni ma haka kika riƙe ni, ko? A ɗan sa ni a ji yadda nake, bayan biki a mayar."

"Einar, ba haka ba ne. Ka ba ni lokaci. Bayan..."

Na kama bakina. Amma ya riga ya ji, Darka ma ta ji. Muryar ma ba tawa ba ce.

"Bayan me?" ya ce. "Ni ba ni da bayan, Lesya. Likita ya gaya mini." Ya mayar da maɓallin kwat ɗinsa har wuya, ya sa hula, ya juya wajen teburin. "Orest, ka ci abincinka. Gidanka ne, matarka ce. Na ga ba ka da niyyar tashi."

"Kawu Einar, tsaya in kai ka a mota!" Darka ta miƙe tana neman makulli.

"Zauna da uwarki. Ta fi ni jin sanyi."

Ina tsaye da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Kalma ɗaya ce, zauna, tana nan a kan harshena. Ya buɗe ƙofa, iskar waje ta shigo ta kashe kyandir ɗin taga. Ya ɗan tsaya a bakin ƙofar, na san jira yake. Na kalli kujerar.

Ya fita, ya maka ƙofar da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Gidan duka ya girgiza, faranti suka yi ƙara, ƙusar ta fice daga bango ta faɗi, ta gangara a kan katako har ta tsaya a jikin ƙafata marar takalmi.